Kayan Aro a Shagon Hajjo

Shafi na 14

Masu turo min saƙo cewa na ɓoye shafin yau a ƙarƙashin filo, Allah ya shirye ku. Wuta ce babu tun shekaranjiya, wayar ma a wurin mai caji ta kwana. Ke kuma da kika rubuto cewa in Hajjo ba ta samu firizar nan ba za ki daina karantawa, ja kujera ki zauna, yau da ke nake.

Sababbin shigowa, ga inda aka kwana. Hajjo tana da ɗan shagon kayan masarufi a Nyanya, layin bayan tasha. Mijinta ya rasu shekara shida ke nan, da shagon take riƙe kanta da karatun 'yarta Kauthar. Da tebur ɗaya ta fara. Rancen farko, dubu hamsin, daga bankin da matan layi ke kira bankin Talata ta karɓa, saboda duk Talata ake kai musu biya. Rance na biyu ya yi mata kantar jera kaya da rufin kwano. Yanzu ta nemi na uku, dubu ɗari biyar, za ta sayi firiza. Tun da aka buɗe sabon shago mai ruwan sanyi a tsallaken titi, duk wanda ya je shan ruwa can yake haɗo sukarinsa da sabulunsa, ita kuwa tana zaune tana korar ƙuda. In babu firiza kafin zafin bana ya kankama, shagon nan rufewa zai yi, ita ma ta sani.

Su biyar ne a ƙungiyarsu, kuma a bankin Talata laifin ɗaya na kowa ne. Akwai wata dokar kuma: kafin a ba ki kuɗi sai ma'aikaciya ta zo ta ga kayan kantarki da idonta, kuma dole su kai rabin abin da kike nema. Kantar Hajjo kuwa, daga bakin ƙofa za ka ƙirga kayan ba sai ka shiga ba.

Shi ne Monica, ƙawarta mai shago a bakin kwana, ta kawo dabara. Shago uku za a duba yau: na Monica ƙarfe goma, na Hajjo sha biyu, na Serah, ita ma 'yar ƙungiyarsu, ƙarfe biyu. A haɗa kayansu su uku wuri ɗaya, kayan su riƙa riga ma'aikaciya isa kowane shago. Hajjo ta ce zanen aro ba ya rufe katara. Monica ta ce to a ɗaura biyu.

*

Sha ɗaya da kwata tsohuwar motar Elder Zacharias ta tsaya a ƙofar shagon Hajjo tana tari. Mijin Monica ne, dattijon coci, ya yi ritaya daga aikin gwamnati, kuma tun da ya yi ritayar bai samu abin yi ba sai gyaran halin mutane. Ya fito cikin farar riga a goge, ya buɗe but.

"Maman Kauthar, ga kaya ya iso."

"Sannu da ƙoƙari, Baban Jennifer. Ni dai gabana sai faɗuwa yake."

"Me ya sa? Mun yi sata ne?"

"Ba sata ba ce, amma dai..."

"Wannan ba ƙarya ba ne, aro ne. Na yi tunani a kai jiya sosai. In maƙwabcinka ya yi baƙo ba shi da kujera, ba za ka ba shi aro ba? Baƙon zai tambaya kujeran na wane ne?"

Monica ta zagayo daga ɗaya ɓarin motar tana share gumi da bakin zani.

"Daddy, bar wa'azi ka ɗauki katan. Yarinyan banki ya tafi cin abinci, minti arba'in muke da shi."

"Yaya kuka kwashe a wurinki?" in ji Hajjo.

"Pass. Ya duba, ya danna, ya ce shago na ya yi kyau. Madaranka guda goma sha biyu ma ya ɗauka hoto."

"Ta ɗauki hoton madarata?"

"Madara duk kamansu ɗaya ne, Maman Kauthar. Saniya ne a jiki."

Aka shiga jido. Shinkafar Serah buhu uku, man gyaɗa jarka biyu, sai katan-katan ɗin Monica na taliya da sabulu da biskit. Hajjo na jerawa tana istigfari a ƙasan maƙoshi, duk katan ɗaya istigfari uku. Cikin rabin awa shago ya cika har rufi. Gaskiya ya yi kyau. Ita kanta da ta ja baya ta duba sai da ƙwalla ta cika mata ido, don haka ta daɗe tana son ganin shagonta, ga shi yau ta gani amma ba nata ba ne. Kusurwa ɗaya ce kawai ta hana a ajiye komai, filin da ta share tun watan jiya daidai faɗin firiza.

"To ku tafi haka nan," in ji ta, "kar ta zo ta same ku."

Suna juyawa sai ga sallama a bakin ƙofa.

Nafeesa ce, ma'aikaciyar bankin. Siririyar yarinya da ba ta wuce shekara ashirin da bakwai ba, da gilashi da mayafi ruwan toka, katin aiki a wuya, a hannunta ƙatuwar wayar nan mai faɗin faranti da suke kira tab. Irin mutanen nan ne da bakinsu ke murmushi idonsu na lissafi.

"Na yi sauri ko, Mama? Mai abincin ba ta sauke ba, na ce bari in rage aiki." Ta juya. "Madam Monica, mun sake haɗuwa."

"Eh, na zo gaishe da sister na ne. Ba shi da lafiya."

Hajjo ta yi ɗan tari don kar ƙawarta ta ji kunya.

"Allah ya sawwaƙe. Oga ma dubiya ya zo?"

"Ni driver ne kawai," in ji Elder.

Nafeesa ta fara zagaya kantar tana taɓa kaya da ɗan yatsa.

"Mama, shinkafa nawa mudu?"

Hajjo ta faɗa.

"Sabulun nan fa?"

Ta faɗa, har da na sari. Nan dai ba a kama ta, ko cikin barci aka tashe ta za ta faɗi kuɗin gishiri.

"Madarar nan kamar na gan ta ɗazu."

"Ai kamfani ɗaya ke yi mana duka, 'yata."

"Har da lotsewar gwangwani na uku?"

"Motan kamfanin ne ba shi da kirki," Monica ta karɓe. "Duk na uku haka yake zuwa."

Nafeesa ta danna wani abu a tab ɗinta.

Ana cikin haka sai ga Maman Ameer, matar ladanin masallacin layi, ta shigo sayen magi na ɗari. Wannan baiwar Allah in labari ya shiga kunnenta da hantsi, kafin azahar ya isa har garin Karshi, kuma ba ta taɓa biyan kuɗin mota ba. Ta tsaya ta ɗaga kai tana bin kantar da kallo.

"Ikon Allah. Hajjo, gado kika ci ba mu ji ba?"

"Rufin asiri dai, Maman Ameer. Ga maginki."

Ta karɓi magi, ta gyara tsayuwa. Wanda ya san ta ya san ba yanzu za ta fita ba.

"Saura abu ɗaya, Mama," in ji Nafeesa. "Zan buɗe katan uku, waɗanda na zaɓa da kaina. Wasu kan jera mana katan babu komai a ciki."

"Mutane ba sa tsoron Allah," in ji Elder yana kaɗa kai.

Na farko sabulu ne cike. Na biyu biskit. Hajjo ta fara jin numfashinta na dawowa. Sai Nafeesa ta durƙusa ta jawo na can ƙasa, katan ɗin taliya da aka liƙe bakinsa da baƙin salatif. Tana jansa ya yi ƙara, irin ƙarar da kwalabe ke yi in sun gogi juna.

Taliya dai ba ta ƙara, kowa ya sani.

Monica ta matsa kusa da mijinta, muryarta can ƙasa.

"Daddy, ina ka ɗauko wannan?"

"Ƙarƙashin tebur naki, bayan buhun gawayi," ya raɗa mata yana jin daɗin kansa. "Kin manta shi. Na ce bari in ƙara, shagon ya ƙara cika."

Monica ta dafa bango.

Bari in gaya muku abin da Elder bai sani ba, Hajjo ma ba ta sani ba. Shekara biyu ke nan Monica na sayar da 'yan ƙananan kwalaben giya, irin na sakawa a aljihu, ga direbobin tasha in sun tashi aiki. Ribar nan ce ke biya mata Talata. A katan ɗin taliya take ɓoye su, saboda mijinta shi ne shugaban kwamitin yaƙi da shaye-shaye na cocinsu, har riga aka buga masa.

Nafeesa ta yanke salatif da makulli, ta buɗe. Ga su nan a jere, sun fi arba'in, wasu da jan murfi wasu da kore.

Maman Ameer ta leƙa.

"Hajjo, turare kika fara kawowa?"

"Ba turare ba ne, Madam," in ji Elder, muryarsa ta yi sanyi. "Giya ne. Mai zafin ma."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Nafeesa ta miƙe ta karkaɗe gwiwarta.

"Mama, bankinmu bai hana kowa sayar da wannan ba, ba ruwanmu. Abin da ya hana shi ne a nuna mana kayan da ba na mai shago ba. In naki ne, in rubuta mu wuce. In ba naki ba ne, sai ki gaya min na wace ce, da abin da ya kawo shi nan."

Hajjo ta dubi katan, ta dubi Monica. Kallo ɗaya ta gane komai, don fuskar Monica ta yi kamar ta wadda aka tsamo daga rijiya.

Gaba kura, baya sayaki. In ta ce ba nata ba ne, rance ya tafi, ba nata kaɗai ba, na su biyar, ga kuma abin da zai tashi a gidan Monica. In ta ce nata ne, ga Maman Ameer a tsaye da magi a hannu. Hajjo ce ma'ajin Islamiyyar matan layin nan, ita ke riƙe kuɗin tabarma da na alli. Kafin a kira azahar sunanta zai zama Hajjo mai giya, kuma irin wannan suna ko an wanke shi ba ya fita duka.

Sai ta tuna bara, lokacin da Kauthar ta kwanta asibiti. Talata biyu Monica ta biya mata, ba ta taɓa tayar da maganar ba har yau.

Hajjo ta ɗago ta dubi Nafeesa.

"Nawa ne."

Magi ya zube daga hannun Maman Ameer.

"Bari in je, na bar tukunya a wuta," in ji ta. Ƙafarta ba ta motsa ba, tukunya ta ƙone in ta ga dama.

Shi kuwa Elder nan take ya yi lissafinsa a ka. Da safe an kai kayan Hajjo shagon matarsa, ashe wannan na ciki, matarsa mai kirki ta tura shi bayan gawayi don ta rufa wa ƙawarta asiri. Ya dafa kafaɗar Monica cikin alfahari, ya gyara murya. Ya samu aiki.

"Maman Kauthar, na yi mamaki. Wallahi na yi mamaki. Ke da ke zuwa Islamiyya da allo?"

"Baban Jennifer, a bar maganar."

"Ba zan bari ba, don ina son ki da gaskiya. Kin san gida nawa wannan ƙaramin kwalba ya rushe? Kin san yara nawa ba su je makaranta ba saboda shi? Kuɗin da ke cikinsa ba shi da albarka. Ki duba mata na. Shekara tara yana kasuwa, ko lemo zai saro sai ya karanta jikin kwalban."

Monica ta ɗaga kai tana ƙirga ƙusoshin rufi.

"Daddy, ya isa."

"Bai isa ba, Mummy. Ke ma kin yi laifi da kika yi shiru. Ran Lahadi zan kawo mata takardun kwamiti, akwai na Hausa."

Hajjo ta sunkuyar da kai. Kunya ta kama ta har cikin ƙashi, kunyar abin da ba ta aikata ba, wadda ta fi ta gaske ciwo.

Nafeesa dai ba ta ɗauke ido daga kanta ba. Ta ɗauki kwalba ɗaya ta juya ta a hannu.

"To Mama, tunda naki ne, nawa kike sayar da ɗaya?"



Hajjo ba ta taɓa riƙe kwalbar giya ba a rayuwarta, balle ta san kuɗinta. Ta auna girmanta da ido, ta ga ba ta fi kwalbar man zafi ba.

"Ɗari da hamsin."

Monica ta girgiza kai kaɗan, ta ɗaga gira sama alamar a ƙara.

"Au, na manta an yi ƙari. Dubu biyu."

Monica ta rufe ido.

"Tsakanin ɗari da hamsin da dubu biyu akwai tafiya, Mama," in ji Nafeesa.

"Ya danganta da mai saye ne, 'yata."

Elder dai mutum ne da ba ya iya jin an yi kuskure a gabansa ya ƙyale. Tsaki ya ƙwace masa.

"Wane irin dubu biyu kuma? Ɗari shida ne. Mai jan murfi ɗari shida da hamsin, in ka ɗauka biyu a bar maka dubu ɗaya da ɗari biyu."

 

Mata huɗu suka juyo suna kallonsa.

"A wurin counselling na ji," in ji shi. "Masu tuba suna faɗa mana."

"Ɗari shida," in ji Monica a hankali.

"Mummy..."

"A ina ake sayar maka ɗari shida?"

"Ba ni ba, na ce masu tuba..."

"Zacharias."

Rabon da ta kira sunansa tun kafin a haifi Jennifer. Gumi ya tsattsafo masa a goshi.

"Mararaba. Wurin wani mata. Don ciwon baya ne kawai, in na sa kaɗan a shayi yana sakewa."

Yanzu ku da kuke karatu kuna jiran Monica ta yi kukan mijinta mashayi ne, ko ta tuna masa rigar kwamiti. Ba ku san 'yar kasuwa ba ke nan. Monica ta cire hannunsa daga kafaɗarta, ta kama ƙugu.

"Ɗari shida. Ni ɗari biyar nake sayarwa. Ɗari biyar, Zacharias, har mai jan murfin. Shekara biyu ina ɓoye katan bayan gawayi kamar ɓarawo saboda kai. Ashe kai kana shiga mota, kana ƙona mai, kana zama cikin go-slow na Mararaba awa ɗaya, ka kai wa wani mata kuɗi na."

"Maman Jennifer," Hajjo ta kira ta.

"Bar ni, Maman Kauthar. Customer yana kwana a gado na ban sani ba. Kwalba nawa a sati?"

"Uku."

"Kalle ni."

"Huɗu. In sanyi ya yi, biyar."

"Biyar. Kuma ko tayi ba ka yi, an ce ɗari shida ka miƙa. Da a wurina kake saya da yanzu na canza rufin shago. Wannan katan da ka ɗauko da hannunka, na Mararaba ya kai shi kyau? Daga depot nake sarowa, ba na haɗawa da ruwa."

"Maman Jennifer," Hajjo ta sake cewa, wannan karon kamar mai roƙo.

Sai a lokacin Monica ta ji abin da bakinta ya faɗa. Ta juya a hankali. Nafeesa na tsaye, kwalba a hannu ɗaya, tab a ɗaya.

"Madam Monica, kika ce katan ɗin wa?"

Monica ta kai tafin hannu ta rufe baki, amma ina amfani, zance ya riga ya fita.

Maman Ameer ta tsince maginta ɗaya bayan ɗaya. Ta shigo da hannu wofi, ga shi za ta fita da labari uku, ta rasa wanda za ta fara saukewa. Ta dubi Hajjo.

"Ni dama na san ba halinki ba ne," in ji ta, ta fice har tana tuntuɓe da dokin ƙofa.



Nafeesa ta mayar da kwalba cikin katan, ta jawo benci ta zauna.

"Mama, a fitar da duk abin da ba naki ba. Ina nan zaune."

Ba wanda ya yi musu. Yadda aka shigo da su haka aka riƙa fitar da su ana jibgewa a ƙofar shago, shinkafa, mai, sabulu, biskit, taliyar gaske da ta ƙarya. Elder ya fi kowa ɗaukar mai nauyi, ciwon bayan ma bai tuna da shi ba. Monica na ɗauka tana sharar hanci. Duk katan ɗin da ya fita sai kanta ta ƙara ramewa, har aka zo ƙarshe.

Abin da ya rage: madara gwangwani goma sha biyu, rabin buhun sukari, magi, gishiri, ashana, ledojin garin sabulu a rataye a igiya, da kwalin ganyen shayi guda huɗu.

Hajjo ta tsaya a tsakiyar shagonta. Abin mamaki, sai ta ji nauyin da ke ƙirjinta tun asuba ya sauka, baƙin ciki ya maye gurbinsa.

"Ga shi nan, 'yata. Iyakar abin da nake da shi ke nan. Na biya kuɗin makarantar yarinya, na gama biyan rancenku na biyu, abin da ya saura shi kike gani. Na yi miki ƙarya yau har sau biyu, Allah ya yafe min. Amma shekara uku ban taɓa fashin Talata ba, ki duba."

"Na duba tun kafin in zo, Mama." Nafeesa ta cire gilashi ta goge da bakin mayafi. "Mahaifiyata ma shago gare ta a Bwari. Na san watan da kanta ke ramewa. Da haka na same shi, da na rubuta miki dubu ɗari uku saboda tarihin biyanki. Da kin samu ƙaramar firiza ta hannu."

Wannan maganar ta fi ta giyar yi wa Hajjo zafi. 

"Ni ne na kawo dabaran," in ji Monica cikin kuka. "Maman Kauthar bai so ba."

"Madam Monica, ban ji wannan ba, kuma kar ki maimaita." Nafeesa ta mayar da gilashinta. "Ku saurare ni da kyau. In na rubuta cewa ƙungiya ce ta haɗa baki, za a rufe ku duka biyar har shekara guda, ba mai samun ko kwabo. In kuma mutum ɗaya ce ta je ta aro kaya don kanta, ita kaɗai ake cirewa, sauran su karɓi nasu ran Talata. Ita kuwa Madam Monica, zan rubuta ta ba da aro ba ta san dalili ba, ni ma Allah ya yafe min. Amma sai Mama ta sa hannu cewa ita kaɗai ce. Mama, sauran ukun suna da hannu?"

Hajjo ta tuna Serah, da 'ya'ya huɗu da mai ginin shagonta da ya ba ta wa'adin ƙarshen wata. Ta tuna sauran biyun da ko labarin nan ba su ji ba, suna can suna jiran a zo duba nasu gobe.

"Ba su san komai ba. Ni kaɗai ce."

"Har Madam Serah?"

"Serah ko layin nan ba ta biyowa."

"Maman Kauthar, firizanka fa?" in ji Monica. "In an cire ka, shagon nan..."

"Yi shiru, Maman Jennifer. Maganar da kika yi yau ta isa haka."

Elder ya matso yana murza hannu.

"Madam, in akwai yadda za a yi, ni dattijo ne, zan iya tsayawa shaida."

"Kai tsaya waje ka jira ni," in ji Monica ba ta ko dube shi ba. "Naka yana gida."

Ya koma lungu ya tsaya.

Nafeesa ta gama rubutu, ta karanta wa Hajjo da Hausa kalma bayan kalma, ta juyo mata da fuskar tab ɗin.

"Nan za ki sa hannu, Mama, da yatsa. Ki yi tunani. In ya shiga ba ya gogewa."

"Na gama tunani. Mutum huɗu sun fi ɗaya."

Ta goge yatsanta a zani.  Ta yi bisimilla, ta kai yatsa saitin layin, saura ƙiris ya taɓa.

Sai ga kukan tayar baro daga waje, ƙii, ƙii, ƙii, ya zo ya tsaya daidai ƙofa.

"Yauwa, har kun fito min da shi, Allah ya yi muku albarka," wata murya ta faɗa da ƙarfi. "Elder, zo ka kama min shinkafa na. Maman Kauthar, miƙo madaranka ma, shi ne ke sa kanta ya yi kyau a hoto. Ku yi sauri kafin wannan mai gilashi ya iso wurina."

Serah ce. Ta shigo da baya tana jan baron don kar ya gangara kwata, ba ta ko waiwayo ba.

"Ya sha dabaran ko? Na ce muku yaran banki ba su san komai ba sai danna waya. Ya tafi tun yaushe?"

Ta juyo.

Nafeesa ta janye tab ɗin a hankali daga ƙarƙashin yatsan Hajjo, ta kife shi a kan cinyarta.

"Mai gilashi ba ta tafi ba, Madam Serah. Ajiye baron ki shigo."